Rufin Mai Walda

Ɗakin da Malama take koyarwa yana saman bene ne, a kan shagon mai fenti, tagoginsa suna kallon rumfar mai walda. Babu komai a ciki sai bencina, da fanka mai juyawa idan ta ga dama, da wani ɓangaren bango da aka shafa wa baƙin fenti aka ce ya zama allo. Nan mata suke haurowa bayan la'asar, kowacce da alamar sana'arta a jikinta. Mai kanti tana ƙanshin sabulu, Ungozoma tana warin maganin asibiti, Gwaggo Tela kuwa ba a raba gefen mayafinta da guntun zare. Turanci suke koya. Wata tana so ta karanta takardar maganin mijinta da kanta, wata ta gaji da dariyar da ɗanta yake yi mata duk lokacin da saƙo ya shigo wayarta.

Yawancinsu sun girmi Malama nesa ba kusa ba. Ta gama karatunta, ta zaga ofisoshi da takardunta har dunduniyar takalminta ta cinye, sannan ta ce ita ba za ta zauna a tsakar gida tana jiran kiran da ba zai zo ba. Da ƙafarta ta je ta sami Baba Mai Bene, mai ginin, ta roƙi ɗakin. Ita ta share shi, ita ta ɗauko bencin a ka tare da yayanta. A duk duniya babu abin da za ta nuna ta ce nata ne sai wannan aji.

Tana da hanyar koyarwa da take alfahari da ita. Ba ta yarda a haddace kalma haka kawai. Duk sabuwar kalma sai ɗaliba ta ɗora ta a kan wani mutum da ta sani a zahiri, ta gina jimla, Malama ta gyara ta rubuta a allo, sannan ajin gaba ɗaya ya maimaita da ƙarfi ana buga benci da tafin hannu. Ta haka ajin ya san mijin Gwaggo Tela yana minshari, ya san surukar mai kanti tana ɓoye sukari a ƙarƙashin gado. Ana dariya, kalmar kuma tana zama daram.

Mai walda ne kaɗai ƙaya a wurin. Da ya ga matan sun fara hawa matakala sai ya tuna yana da ƙarfen yankawa. Injinsa ya dinga kuka har haƙoran mutum su yi tsami. Idan ya kashe, sai ya ɗago baƙin gilashinsa ya kalli taga.

"Furofesoshi, an fara? Idan kun gama ku gaishe mini da Turawa."

A cikin ɗaliban akwai wata mai wanki da guga da ake kira Maman Tagwaye, wadda igiyar shanyarta take bayan rumfarsa. Tartsatsin waldarsa ya taɓa huda farar rigar wani mai kawo mata wanki, ramuka kamar an watsa gero. Da ta je yi masa magana, sai ya ce ta maimaita ƙorafin da Turanci tukuna ya ji ko karatun yana shiga. Masu zaman kashe wando a wurin suka kwashe da dariya. Ta koma da rigar a hannu.

Ran nan babin da suka isa tatsuniya ce, an jera kalmominta a gaba don a san su kafin a shiga labarin. Malama ta rubuta su a allo: storm, thunder, curse, spell, revenge. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana fassarawa: hadari mai iska, tsawa, tsinuwa, sihiri, ramuwar gayya.

"Yau kam littafin nan da faɗa ya tashi," in ji Gwaggo Tela. "Wa ya taɓa shi?"

"Ni ta ƙarshen nan nake so," in ji mai kanti. "A rubuta mini ita a hannu in tafi da ita gida."

"Yaya, surukarki ta huta yau," in ji Malama. "Wa za ta ba mu jimla da ta farko?"

A daidai lokacin injin ya tashi a ƙasa. Malama ta ɗaga murya, injin ya fi ta. Sai ta ga hannu a bencin baya, hannun da ruwan sabulu ya kodar. Maman Tagwaye ce, wadda tun da ta shigo ajin ba ta taɓa ɗaga hannu ba. Ta miƙe, ta harhaɗa kalmomin a karkace, tana tuntuɓe, amma kowa ya gane inda ta dosa. Hadari zai ɗauke rufin mai walda.

Ajin ya ɗauki shewa. Malama ta tsaya da alli a hannu. Ta san za ta iya cewa a canja, a ce rufin wani mutum kawai. Ta leƙa ƙasa, ta ga mai walda yana nuna tagar da ƙarfe yana ba wani mai farar riga labari, kafaɗunsa suna rawa don dariya. Ta juya ta gyara jimlar, ta rubuta ta da haruffan da suka fi na kullum girma: The storm will take the welder's roof.

"A maimaita."

Suka maimaita, suna buga benci. Ta ce a sake. Suka ƙara murya don su danne injin. Ana tsaka da haka injin ya mutu, muryoyin matan suka fita ta taga su kaɗai, a tare, da bugun benci kamar ganga, suka cika layin har bakin titi. Malama ta ji shirun da ya biyo baya a ƙasa. Duk da haka ta ce, "A sake."

Mai farar rigar nan ma'aikacin banki ne da ya zo karɓar ƙofar ƙarfe. Ya saurara, ya yi murmushi, ya sunkuya ya faɗa wa mai walda abin da ake cewa. Malama tana kallo dariyar ta bushe a fuskar mutumin. Ya cire gilashin gaba ɗaya, ya daɗe yana kallon tagar. Ranar bai sake kunna injin ba.

Ba a rufa mako ba hadarin ya zo. Tun azahar gabas ta yi baƙi ƙirin, zafi ya tsaya cak, kaji suka shige ƙarƙashin motoci. Ɗalibai ba su fito ba, Malama ce kaɗai a ɗakin. Da iskar ta taso, tagar da sakatarta ta lalace ta fara bugun bango, sai ta je ta miƙa hannu biyu waje don ta jawo ta. Tana nan a tsaye, hannuwa a miƙe, mayafinta yana tashi, rumfar mai walda ta yi wata ƙara. Kwanukan suka ɗaga gefe guda, suka yi kamar za su koma, sannan suka tashi gaba ɗaya. Ɗaya ya juyo ya sari mai walda a dantse yana ƙoƙarin rufe injinsa da buhu. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, ya shiga cikin kayan aikinsa.

Kowa a layin ya san rumfar nan da waya aka ɗaure ta, ya san ƙusoshinta sun yi tsatsa tun ba yau ba, mutumin yana gyara ƙofofin jama'a ya bar tasa rumfar. Amma da gari ya waye babu mai tuna wannan. Abin da aka tuna shi ne rufin kowa ya tsaya sai nasa, kuma waɗanda suka fake a shagon mai fenti sun ga yarinyar a taga da hannuwa a sama.

Da safe Malama ta gaishe da mai fenti, ya amsa da sauri tun ba ta rufe baki ba, ya shige ciki leɓɓansa suna motsi. Mai sayar da ruwa ya tsallaka ɗaya gefen titi. Da la'asar ta yi, benci ya zauna babu kowa. Mai kanti ta aiko cewa maigidanta ya ce ta huta tukuna. Gwaggo Tela ta ce ɗinki ya yi mata yawa, ita da kullum take kukan babu aiki.

A gida Inna ta ajiye tsintsiya ta dube ta.

"Ki shirya mu je asibiti ki duba mai waldan nan, ki ba shi haƙuri."

"Dubiya zan je, Inna. Haƙurin me zan bayar? Ni na kaɗa iskar?"

"Ba ke kika kaɗa ba, amma bakinki aka ji."

"Darasi aka ji."

"Auta, kan nan naki zai ja miki. Mutane ba darasi suke gani ba."

Yayanta, da yake wanke ƙafa a bakin rariya, ya ce, "Idan kin samu sarari ki yi mini jimla guda ɗaya a kan ogana, ko tayar motarsa ce ta fashe." Ya yi dariya shi kaɗai. Da ya ga babu wanda ya taya shi, sai ya ƙara da murya ƙasa-ƙasa, "A wurin aiki ma an tambaye ni ke."

Ta je dubiyar. Matar mai walda ta tare ƙofa da jikinta, ta ce yana barci, alhali Malama tana jin tarinsa.

Baba Mai Bene ya hauro washegari, yana hutawa a kowace matakala. Bai zauna ba. Ya ce dangin mai walda sun same shi. Sun ce ba yarinyar ce ta fara furta maganar ba, an ji wata murya kafin tata. A fito da matar, ta tsaya a gaban rumfar a gaban jama'a ta janye bakin da ta yi, shi ke nan a wuce wurin. In ba haka ba, a rufe ajin.

"Wace ce, 'yata? Faɗa mini kawai, ni zan san yadda zan yi."

Malama ta tuna hannun nan da sabulu ya kodar. Wa zai sake miƙa rigarsa, rigar da za ta taɓa fatarsa, ga matar da aka ce bakinta yana ɗaga kwano? Ranar da aka ambaci sunanta, ranar igiyar shanyarta za ta bushe, da ita da tagwayenta.

"Baba, ni na rubuta, ni na ce a maimaita. Babu wata."

"An ce an ji."

"To su je su tambayi wanda ya ji."

"Yarinya, ina magana kina mayar mini?"

"Ka gafarce ni, Baba. Amma ba ni da sunan da zan ba ka."

Ya ce ta yi tunani, zai dawo, kuma in ya dawo makullinsa zai karɓa.

Tana saukowa ta tarar da Maman Tagwaye a laɓe a ƙarƙashin matakala, da ƙullin wanki a ka don a ce aiki ya kawo ta.

"Malama, bari in je in faɗa. Ni na jawo miki."

"Ki faɗa wa wa? Ki ce me? Kin aiki iska?"

"Za su raba ki da ajinki."

"Yaya, ɗauki wankinki ki wuce, ana kallonmu. Kada ki sake zuwa nan sai na aiko."

Kwanakin da suka biyo baya kullum sai ta zo. Ta ratsa layin kanta a sama, ba ta sauri, ba ta kuma rage tafiya. Ta buɗe ɗakin, ta share, ta rubuta darasin ranar a allo, ta zauna tana fuskantar bencin da babu kowa har lokacin tashi ya yi, sannan ta goge ta kulle. Wata rana ta tarar an zuba wani baƙin gari a bakin ƙofar. Ta tsaya ta dube shi, ta ɗauko tsintsiya ta share shi zuwa ƙasa. Wata rana aka jefo dutse ya fasa gilashin taga. Ta tsince gilasan da hannu, ta liƙa kwali. Kuka sau ɗaya ta yi, a banɗaki, famfo a buɗe don kada Inna ta ji.

Ungozoma ce ta fara dawowa. Ta shigo tana haki, ta jefa jakarta a benci.

"Na karɓi haihuwa cikin ruwa, na karɓa cikin iska, ban taɓa ganin Turanci ya ɗaga ko marfin tukunya ba. Ina muka tsaya?"

Malama ta ɗauki alli. Ta juya ga allo don kada a ga fuskarta.

Bayan ita sai wasu suka fara zuwa, amma ba tsofaffin ɗalibai ba. Baƙin fuska ne, daga wasu unguwanni, suna shigowa a ɗarare su zauna a baya. Ba su da littafi, ba su da biro. Da farko Malama ta yi murna, ta ce ashe sunan ajin bai mutu ba. Sai da aka tashi ran nan, wata doguwa mai zoben azurfa ta tsaya har kowa ya fita, ta matso kusa har Malama tana jin numfashinta.

"Ƙanin mijina ne. Tun da mijina ya rasu ya hana ni sakat, ya kwashe har gadon da nake kwana. Ba na so ya mutu. A dai taɓa shi ya ji a jikinsa. In faɗi sunan, ko sai an rubuta a bangon?"

Malama ta ja da baya har ta jingina da allo.

"Baiwar Allah, nan makaranta ce."

"Na sani," in ji matar, ta yi murmushin wadda ta gane zancen. "Na sani. Ba zan faɗa wa kowa ba."

Kashegari ajin ya cika fiye da yadda ya taɓa cika, har wasu a tsaye. Malama ta dube su. Kowacce ta zo da wani a cikin ranta, ta ga hakan a yadda suke kallon allin da ke hannunta. Ta ajiye shi.

"Ku saurare ni da kyau. Ba ni da asiri, ba ni da aljani, ban gaji komai ba sai taurin kai. Rumfar mutumin nan da waya aka ɗaure ta. Daga yau ba a ƙara sa sunan kowa a jimla a ɗakin nan. Wadda ta zo koyon karatu ta zauna, wadda ta zo don wani abu ga ƙofa."

Ita kanta ta ji zafin abin da ta faɗa, don ta san da bakinta ta kashe hanyar da ajin yake rayuwa da ita. Wasu suka tashi suna tsaki. Wata ta ce a bakin ƙofa, yadda kowa zai ji, "Ta biya wa kanta buƙata, mu ta hana mu." Mafi yawa kuwa ba su motsa ba. Sun gyara zama ne irin na masu jiran a gama abin da ake faɗa don idon jama'a a shiga ainihin maganar.

A wannan yammacin Baba Mai Bene ya dawo. Gabas ta sake haɗewa, hasken ɗakin ya koma ruwan toka, kwalin taga yana ta kaɗawa. A ƙasa mai walda yana zaune a ƙarƙashin tamfol, dantsensa a naɗe, shi da danginsa duk sun ɗaga kai suna jiran su ga an sauko da ita.

Malama ba ta jira ya yi magana ba. Ta ciro makullin daga jakarta ta ajiye a kan tebur.

"Ga shi, Baba. Sunan dai babu."

Tsohon ya miƙa hannu. Tsawa ta yi gunji can nesa, doguwa, har gilashin da ya rage ya amsa. Hannun ya tsaya a sama. Ya dubi matan da suka yi tsit, ya dubi allo, inda babu komai sai kwanan wata, ya daɗe yana dubawa kamar mai neman sunansa. Ya janye hannun ya sa a aljihu.

"Ki zauna, 'yata. Wa ya ce ki tashi? Ni dai ai ban taɓa yi miki komai ba, ko?"

"Baba, ɗauki makullinka."

"A'a, a'a. Riƙe abinki."

Ya juya. Ta bi shi har bakin matakala.

"In za ka bar mini ɗakin, ka bar mini don karatu nake koyarwa. Ba ni da hannu a abin da ya sami mutumin nan. Ka ce ka yarda."

"Na yarda, na yarda mana," in ji shi da sauri. Yana sauka da baya-baya, hannu a kan ƙarfen matakala, bai yarda ya ba ta ƙeya ba. "Ki gaida Innarki. Ki ce ina gaishe ta da kyau."

Ta tsaya tana jin takunsa har ya ɓace. Ta leƙa ta ga ya wuce dangin mai walda bai tsaya ba, ya yi musu alama da hannu su bar maganar. Ɗaya bayan ɗaya suka sauke kai daga kallon tagar.

Ɗakin ya zama nata, babu mai sake tambayarta suna. Ta koma ciki, matan suka buɗa mata hanya fiye da yadda take buƙata, wata har da janye gefen zaninta. Ungozoma kaɗai ce ta dube ta ido cikin ido, ta girgiza kai a hankali.

Ruwa ya sauko. Can sai ɗigo ya fara faɗowa daga silin, daidai gaban allo, yana tsalle a kan siminti. Babu wadda ta tashi. Duk suka zuba wa ɗigon ido, suna satar kallon Malama, suna jira su ga me yake nufi da kuma wa zai faɗa wa.

Malama ta je lungu ta ɗauko bokitin shara, ta zazzage shi, ta tara a wurin. Ta goge hannunta a gefen siket, ta ɗauki littafin.

"Wadda ba ta da littafi ta matsa kusa da mai shi," in ji ta. "Ungozoma, fara mana daga layin farko."